Fijo 504 ta gado: wace taya zan sa mata ba tare da aljihu ya yi kuka ba?

Magajin Fijo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Fijo 504 salun ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, da aka raba gado ta faɗo a kasona. An gyara inji, an yi birki, fentin ma na asali ne ba mu taɓa shi ba. Saura tayoyi. Waɗanda ke ƙafarta zanensu yana nan raɗau, amma gefensu duk ya tsattsage. A jikinsu an rubuta 175 R14, babu wata lamba a tsakiya. Na zaga wajen masu taya, wani ya ce an daina yin lambar, wani ya miƙo mini 175/65 R14 ya ce duk ɗaya ne tunda rim 14 ce, wani kuma ya ce in sa ta bas in huta. Naira dubu 200 na ware. Motar ba ta haya ba ce, daga masallacin Juma'a sai ɗaurin aure, sai kuma in sallah ta zo mu kwashi yara mu je gida Ɗambatta. Me zan saya?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ka ci gajiyarta. Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Na yi shekaru ina jan 504 mai dogon baya tsakanin Kano da Jos, mutum bakwai a ciki ban da ni, ga kaya har saman gilashin baya. Ba mu san wata taya ba sai 185 R14 mai C a ƙarshe. Rami ba ya yi mata komai, dutse ba ya yi mata komai. Wanda ya ce ka sa ta bas shi ya faɗa maka gaskiya.

Ɗan Kwatano: Dubu 200? Yaya, zo in kai ka inda za ka ɗauko 'yan Beljiyam guda biyar masu babban suna, har canji ya rage maka ka sha mai. Tayar da Bature ya cire ta fi sabuwar China sau goma. Kowa ya san wannan.

Maman Haidar: Ban san kan mota ba, amma kun ji fa ya ce yara zai ɗauka ya hau titin Ɗambatta da su. Ku ba shi shawarar da za ku iya bai wa ƙaninku.

Malamin Lissafi: Kafin a shiga rigimar suna, a fara gyara maganar lamba, don wanda ya ce masa duk ɗaya ne ya so ya sayar da abin da ke shagonsa ne kawai.

175 faɗin taya ne a milimita. 14 faɗin rim ne a inci. Lambar tsakiya kuwa tsayin gefen taya ne, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. A da ba a rubuta ta, domin kusan duk tayoyin wancan zamanin lambarsu ta tsakiya 80 ce ko 82. Ke nan 175 R14 ɗinka ita ce yau ake rubutawa 175/80 R14. Ba a daina yin ta ba, ta dai yi ƙaranci a kasuwarmu.

Ga tsayin kowacce daga ƙasa zuwa sama:

175/80 R14, taka ta asali: wajen milimita 636
195/70 R14: 629
185/70 R14: 615
175/70 R14: 601
175/65 R14: 583
185 R14 ta Baba: 652

Dubi 175/65 ɗin da aka miƙo maka. Ta gaza ta asali da sama da santimita 5. Motarka za ta zauna ƙasa da kusan santimita 2 da rabi, maleji zai nuna maka 100 alhali a 92 kake, inji kuma zai riƙa juyi fiye da kima a tafiya ɗaya, ga ƙara ga shan mai. Sannan lambar nauyinta yawanci 82 ce, wato kilo 475 kowace ƙafa, ita kuwa 175/80 lambarta 88 ce, kilo 560. Tayar ƙaramar mota ce.

Oga Bakanike: Malam ya gama magana a kan 65. Na ƙara da abin da ido ke gani: in ka sa ta a 504 sai ka ga rami tsakanin taya da madigadi har ka iya zura kanka. Motar da aka san ta da tsayin ƙafa sai ta koma tana goga ciki a kowane tudu. Duk daɗin da ake faɗa na 504 a kan hanya mai gargada, rabi daga sifirin da shokazoba yake, rabi daga wannan dogon gefen tayar da ke lotsawa ya shanye duka. Ka rage gefe, ka rage daɗin.

Magajin Fijo: Na gode ƙwarai. To Oga, ta Baba fa? Tunda ita ta ma fi ta asalin tsayi.

Oga Bakanike: Baba ubanmu ne a harkar, kuma abin da ya faɗa daidai ne a kan motar da ya ja. Mai dogon baya an yi ta ne don kaya, ƙafarta ta baya sifirin biyu-biyu ne kowane gefe, lambar tayarta ma 185 ce tun daga kamfani. A-kori-kura kuwa ba a magana. Amma salun daban ce. C ɗin nan tayar motar kasuwanci ce, za ka ga 8PR a jikinta da lamba 102/100, wato kowace ɗaya tana ɗaukar kilo 850. Gefenta tauri gare shi, an gina ta don iska mai yawa da lodi mai nauyi. Ka sa ta a salun da ke ɗaukar mutum huɗu, kowane tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka, robobin ƙafa su riƙa mutuwa da wuri, dashbod ɗin da ya kwana biyu ya fara kuka. In an yi ruwa kuma, motar da ba ta da nauyin da zai danne ta ba ta kama kwalta yadda ya kamata.

Baba Direba: Oga, ku yaran yanzu daɗi kuke nema. Mu lafiya muke nema mu isa gida. Ni dai ban taɓa ganin mai C ta yi ƙulu don ta faɗa rami ba.

Oga Bakanike: Allah ya ja kwana Baba, ai ban ce ba ta da ƙarfi ba. Da zai riƙa loda mata buhunan gero yana shiga ƙauye da ita kullum, da ni ma ita zan ce ya sa.

Mai Taya: Ina cikin kasuwar nan, bari in faɗi abin da ke ƙasa. 175/80 R14 in ka shiga shago ka ce ta Fijo, yaron shago zai ce babu, don bai taɓa jin ta ba. Ka ce masa ta Golf 4. Ƙananan injina na Golf 4 da wannan lambar suka fito, shi ya sa har yanzu kamfanoni suke buga ta. Ba kullum take zuwa ba, amma in dila ya san kana so guda huɗu zai tambayo maka Legas ko Onica. In ba a samu ba, 195/70 R14 ita ce ta biyu. Masu tsohuwar Marsandi sun san ta, don manyan injinan W123 da ita suka zo. 185/70 R14 kuwa ko'ina akwai ta, ita ta fi araha a cikin ukun.

Farashi ba zan rubuta a nan ba, don tun da aka saki naira a 2023 abin da na faɗa yau ba lallai ya kai Juma'a ba. Amma a ƙiyasce, kuɗin guda ɗaya ta manyan sunaye irin Michelin ko Bridgestone zai saya maka biyu na China, wani lokacin har da ɗoriya. A tsakiya akwai irin su Maxxis ta Taiwan, GT Radial ta Indonesiya, da Hankook da Kumho na Koriya.

Malamin Lissafi: Ƙari a kan 195/70: a tsayi ita ta fi kusa, bambancin milimita 7 ne kacal. Amma ta fi faɗi da santimita 2, kuma rim ɗin 504 na ƙarfe inci 5 ne faɗinsa. Tana hawa, sai dai a bakin iyakar abin da aka yarda ne. In motarka ba ta da sitiyari mai mai, za ka ji nauyinsa a hannu lokacin fakin.

Magajin Fijo: Ba ta da shi kam. Sitiyarin ƙarfin damtse ne.

Ɗan Kwatano: Duk wannan lissafin na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: me ya sa zai ɗauki kuɗinsa ya sayi sunan da ko furta shi ba a iya yi, ga tayar Jamus da zanenta ya kai kashi 80? Araha ba ta ado, jama'a.

Maman Haidar: Kai da ka ce har canji zai rage masa, kai ne kuma mai cewa araha ba ta ado?

Ɗan Kwatano: Hajiya, tawa arahar mai asali ce.

Oga Bakanike: To bari in amsa maka, kuma amsar tana ƙafar motar Magaji yanzu haka. Ya ce zanen tayoyinsa yana nan, gefe ne ya tsage. Me ya kashe su? Ba tafiya ba ce, shekaru ne. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, zafi da rana suna gaggauta abin, kuma wadda ke tsaye wuri ɗaya ta fi saurin tsagewa a kan wadda ke juyawa. Motar da ke fita Juma'a zuwa Juma'a ba za ta taɓa cinye zanen taya ba. Shekaru ne za su riga zane ƙarewa.

Ke nan abin da Magaji zai saya da kuɗinsa shekaru ne, ba zane ba. 'Yar Beljiyam ɗinka ta riga ta cinye nata a can, ta zauna a yadi, ta zauna a kwantena, ta zo ta zauna a rana a bakin titi. Zanen da kake nuna masa ba shi da amfani a wurinsa. Haka kuma babbar taya mai tsada sabuwa: abin da kake biya a cikinta har da doguwar tafiyar da za ta yi kafin ta suɗe, shi kuwa ba zai yi tafiyar ba. Direban haya ne zai ci wannan ribar.

Magaji, je ka duba gefen tayar, nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Akwai lambobi a cikin ɗan zagaye. Karanto mana.

Magajin Fijo: Na duba. Na gaba biyu 1208. Na baya sai da na leƙa ta ciki na gani, 3506. Na sauke safaya daga ƙarƙashin but, da ƙyar kejin ya buɗe don tsatsa, ita lambobi uku ne kawai a jikinta, kuma an rubuta a Najeriya aka yi ta.

Malamin Lissafi: Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Na gaba mako na 12 na 2008, na baya mako na 35 na 2006. Mai lamba uku kuwa kafin shekarar 2000 aka yi ta, don daga 2000 aka koma lamba huɗu. Kada ka hau babban titi da ko ɗaya daga cikinsu, ko zuwa wajen mai taya ne ka tafi a hankali.

Baba Direba: Allah sarki. Wannan safayar ta tuna mini zamani. Lokacin Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na Ikeja, mota kuma ana haɗa ta a Kakuri tun 1975. Mota tamu, taya tamu. Michelin suka rufe a 2007, Dunlop suka bi su a 2008, ga rashin wuta ga kayan waje da suka cika kasuwa. Ita kanta 504 ɗin ai ba ta daɗe da tsayawa ba kafin nan. Ka ajiye safayar nan a gida don tarihi, ɗana, amma kada ka sa ta a ƙafa.

Ɗan Kwatano: To ai 'yar Beljiyam ma akwai mai sabon kwanan wata. In mutum ya iya zaɓe zai samu ta shekara biyu ko uku.

Mai Taya: Akwai, ban musa ba. Amma a wace lamba? A 16 da 17 na motocin yanzu za ka samu. A 175/80 R14, motocin da ke amfani da ita a Turai su kansu sun tsufa, abin da ke zuwa yawanci ya kwana biyu. Kuma da yawa na sanyi ne. Duba gefe, in ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar hunturu ce, robarta laushi gare ta don ta kama ƙanƙara. Ka ɗora ta a kwaltar Kano a watan Afrilu, cinyewa take kamar sabulu a ruwa.

Sannan akwai abin da ido ba ya gani. Na sha karɓar taya daga waje kyakkyawa, in juya cikinta in tarar da faci a gefe, wurin da ba a yarda a yi faci ba. Akwai wadda ta suɗe aka bi ta da wuƙa mai zafi aka sake yanka mata zane, aka shafe ta da baƙin fenti. In ka sa farce a ramin zanen za ka ji kaifi-kaifi, wani wurin har waya na leƙowa. Kuma a sani, tsofaffin tayoyin mota suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigo da su, don haka ba wanda ya duba ingancinsu a hanya.

Ɗan Kwatano: Oga Mai Taya, sababbin naku ma ai ba mala'iku ba ne.

Mai Taya: Wannan gaskiya ne, kuma gara a faɗa. Akwai masu cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don kwantena ta ɗauki da yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irinsu. Wadda aka cusa ta lanƙwashe, wadda aka cusa a cikinta ta buɗe, wayar bakinsu ta riga ta ji jiki tun kafin su ga rim. Sabuwa ce a ido, amma ba za ta zauna daidai ba, wata sai ta yi ƙulu cikin ɗan lokaci. In za ka saya, tsayar da ita a ƙasa ka gangara ta ka ga ko tana tafiya sak. Shafa bakinta da hannu zagaye, in ka ji wurin da ya lotsa ko ya karye, ajiye. Kuma akwai sabuwar da ta shekara biyar a sito ba a sayar ba, musamman a lambar da ba ta tafiya irin wannan. Leda a jiki ba shaida ba ce. A yage ledar a karanta lamba.

Maman Haidar: To shekara nawa ne ƙa'ida? Na ji ana cewa huɗu.

Malamin Lissafi: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa shekara 4 take faɗa daga ranar da aka yi tayar, kuma sun matsa a kan maganar sosai bayan haɗarin da ya ci ran ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, wanda fashewar taya ta jawo. Kamfanonin taya sun fi sassauci: Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Kamfanonin mota da dama kuma 6 suke cewa. Da zafin ƙasarmu, ni ba zan kai ta 10 ba. Abin da ya shafi Magaji shi ne ya nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya da bugawa ba, don duk watan da ta yi a shago daga rabonsa aka cire.

Na Ingila: Sannunku. In ana son a mayar da ita yadda ta fito sak, Michelin har yanzu suna buga tsofaffin samfura don masu irin waɗannan motoci. XAS a lamba 175 HR 14 tana nan, samfurin da ya fito tun 1965, zamanin motar ke nan, tunda 504 a 1968 ta fito har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A nan masu 504 ita suke sawa, kafaɗarta a zagaye take, sitiyari ya yi sauƙi a hannu.

Magajin Fijo: Nawa take, ranka ya daɗe?

Na Ingila: Gaskiya in aka haɗa da kuɗin jirgi da na fito, abin da ka ware ba zai kawo maka guda ɗaya ƙofar gida ba.

Baba Direba: To ka ji. A bar wa masu fam.

Na Damagaram: Salamu alaikum. Mu nan har yanzu akwai 504 da ke aiki, ba ta ado ba. Abu guda zan ƙara: in hanyarku akwai rairayi, dogon gefe ya fi. Kana rage iska kaɗan sai tayar ta baje ta haye, in ka fito kwalta ka mayar. Mai gajeren gefe in ka rage mata iska rim ne zai sha duka. Kuma ku duba gefen taya, wasu akwai inda aka rubuta darajar jure zafi, A ko B ko C. A ta fi, C ita ce ta ƙasa. In kuna da zaɓi kada ku ɗauki C.

Magajin Fijo: Wannan C ɗin daban da ta Baba ko?

Na Damagaram: Daban. Ta Baba tana manne da lambar girma, 185 R14C. Wannan kuwa ƙananan rubutu ne can kusa da kafaɗa.

Oga Bakanike: Sauran abin da ba a taɓo ba shi ne rim. Kafin ka biya kuɗin taya, sa a cire ɗaya a duba ciki. Rim ɗin da ya shekara da shekaru yakan yi tsatsa a inda bakin taya ke zama, sai iska ta riƙa zurarewa a hankali, mai faci kuma ya ce a zura tub a huta. Kada ka yarda da sauri. A kankare tsatsar da burushin waya, a shafa fenti, a sa sabon bawul a kowace ƙafa. Bawul kuɗinsa kaɗan ne, amma shi ma roba ne, tare suka tsufa da tayar. Tub a cikin tubles yana gogayya da cikin tayar yana ɗaukar zafi, kuma in ƙusa ta shiga, iska lokaci ɗaya take fita maimakon a hankali. Sai dai in rim ɗin irin na farko ne marar ɗan tudun nan da ke riƙe bakin taya, ko ya lalace har ba ya riƙe iska, nan ne ake maganar tub, kuma sabo, mai lambar da ta dace.

Kada kuma wani ya ce ka canja rim zuwa 15 na wata mota don taya ta yi sauƙin samu. Ramukan rim ɗin 504 huɗu ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, na yawancin motocin da ke gari ba sa hawa. Masu fasa rami da injin huda suna nan, amma ni ba na sa hannu a wannan aikin.

Magajin Fijo: Na kira dilan da wani ɗan'uwa ya haɗa ni da shi. Ya ce 175/80 R14 zai iya kawowa cikin mako, ta wani kamfanin China da ya ce suna da wakili a Legas, bugun bana. Amma guda huɗu da ɗauri da balansin da bawul sun ɗan haura abin da ke hannuna, safaya kuma babu ita a lissafin. 185/70 tana nan a ƙasa, huɗu za su shiga kuɗin. Ko in sayi biyu masu kyau yanzu, biyu bayan salla?

Baba Direba: In biyu za ka saya, sa su a gaba. Gaba ce ke da sitiyari, in ta fashe a gaba sai Allah.

Malamin Lissafi: Baba, a nan kamfanonin taya sun saɓa da abin da aka saba a tasha. Su cewa suke sababbi a baya. Dalilinsu, in gaba ta zame direba yana ji a hannunsa ya rage gudu ya gyara, in baya ta zame mota juyawa take gaba ɗaya, ba sitiyarin da zai dawo da ita. Balle 504 da ƙafar baya ke turawa.

Baba Direba: Malam, su a takarda suka gani, ni a Kwanar Ɗangora na gani.

Oga Bakanike: Ku bar wannan gardamar don ba ta shafe shi ba. Da tsofaffin nasa na shekara uku ne, da sai a yi maganar gaba ko baya. Na 2006 da 2008 ba wadda za ta zauna a ko'ina. Magaji, motar ba ta neman abinci take maka ba. Ka bar ta a tsaye mako biyu ko wata guda, ka cika kuɗin ka sayi huɗu na lambar asali lokaci ɗaya, iri ɗaya, bugu ɗaya. In ta ƙi samuwa ko kwanan watan ya tsufa, ɗauki 185/70 sababbi, ba laifi ba ne: za ta sauka da santimita ɗaya, maleji ya ɗara gaskiya da kamar kashi 3 cikin ɗari, lambar nauyinta kuma 88 ce kamar ta asali. Ka dai tabbatar 88 ɗin ce aka rubuta, da harafin iyakar gudu, T ko H, biye da ita. T kilomita 190 ce a awa, H 210, duk sun fi ƙarfin abin da motar za ta yi.

Ɗan Kwatano: Safayar fa? Ko ita ma sai sabuwa?

Oga Bakanike: Nan kam na ba ka. In ka samo masa mai tsayi ɗaya, wadda ba ta haura shekara huɗu ba, ba faci a gefe, ba ta hunturu ba, a juya cikinta a gabansa ya gani, to ta zauna a keji kafin ya samu sarari. Aikinta ta kai shi wajen mai faci.

Ɗan Kwatano: Alhamdu lillahi, yau dai na ci ɗaya cikin biyar.

Magajin Fijo: Shi ke nan, na ce wa dilan ya kawo 175/80, da sharaɗin sai na karanta lamba da idona kafin in biya. Iska nawa zan sa?

Oga Bakanike: Duba littafin motar in yana nan, ko takardar da ke jikin ƙofa. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Masu faci sun saba da bas, in ka yi shiru 45 ko 50 za su ɗura maka. Ni a salun ba na wuce 30 zuwa 32, kuma da safe nake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Sayi ɗan geji naka ka ajiye a mota. A yi alaimen bayan an ɗaura, amma a fara duba robobi da tayarod, in suna da wasa alaimen ɗin ba zai zauna ba.

Mai Taya: Kuma a hana yaran wanki shafa mata baƙin mai ko man birki don ta yi ƙyalli, yana cin roba. Ruwa da sabulu sun isa. A ajiye ta a inuwa, in babu rumfa a jingina kwali ko buhu a gefen da rana ke bugawa. Ko ba ka da wurin zuwa, fito da ita duk mako ka zaga unguwa, kada ta zauna a kan wuri ɗaya har tayar ta yi kwanci.

Malam Mai Buswaja: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana sun taru. Volkswagen ce mai ƙusumbi, ita kuma 5.60-15 aka rubuta a tsohuwar tayarta. Me zan nema?

Malamin Lissafi: Wannan tsohon rubutu ne na taya mai zare, faɗinta a inci. A taya mai waya ta yanzu 155 R15 ce ke maye gurbinta, wasu suna sa 165 R15. In za ka canja, canja huɗun gaba ɗaya, kada ka haɗa mai zare da mai waya.

Mai Taya: Wannan ta fi ta Fijo wuyar samu nesa ba kusa ba. Turo mini hoton rim ɗin da abin da aka buga a jikinsa, in tambaya maka Legas gobe in Allah ya kai mu.